Bin Sawun 'Yan Mazan Jiya: Sojojin Ƙasar Assakio a Yaƙin Duniya na Biyu da Abin da Takardu Suka Riƙe

Gabatarwa

Yawancinmu da muka tashi a ƙasar Lafiya, musamman a garuruwan da ke gabas da ita kan hanyar Shandam irin su Assakio, mun riski wasu dattawa da ake kira 'yan mazan jiya. Wasunsu iyayenmu ne, wasu kakanni, wasu kuwa maƙwabta ne waɗanda aka ci gaba da kiransu Kofur ko Saje ko Samanja har suka koma ga Mahaliccinsu, alhali kuwa sun tuɓe kaki tun 1946. Abin da muka gada daga bakinsu bai wuce gutsattsarin labarai ba: an shiga jirgin ruwa a Ikko, an yi makonni ba a ga tudu ba, an sauka Indiya, daga nan aka kutsa wani daji mai ruwan sama da matsattsaku, inda abinci ke saukowa daga sama cikin laima. Yaƙin ya ƙare a 1945, kuma kusan duk waɗanda suka yi shi ƙasa ta rufe idonsu. Saboda haka tambayar da a da akan yi wa tsoho a zaure, yanzu sai dai a yi wa takarda. Wannan maƙala za ta duba yadda ɗa ko jika zai bi sawun mahaifinsa ta cikin takardun, da inda suke ajiye, da kuma dalilin da ya sa sukan yi gum a daidai wurin da aka fi bukatar su yi magana.

Rundunar da suka shiga

Rundunar da iyayenmu suka shiga ta samo asali ne daga wadda Lugga ya haɗa a 1897, wato rundunar tsaron iyakokin Afirka ta Yamma, wadda daga 1928 aka riƙa taƙaita sunanta da haruffan RWAFF. Ta ƙunshi sojojin Nijeriya da na Gwalkwas, wato Gana ta yau, da na Saliyo da Gambiya. Tun 1924 Zariya ce wurin horar da kurata. Saurayin da ya fito daga Assakio sai ya taka zuwa Lafiya, inda layin dogo na gabas ya ratsa, ya hau jirgi ya bi ta Kafancan da Kaduna. A bariki kuwa Hausa ce harshen da ya haɗa kowa, ko da yake Hausa ce irin ta bariki, wadda ba ta damu da bambanta namiji da mace ba.

Sau biyu aka fitar da sojojin Nijeriya zuwa fagen daga mai nisa. Na farko shi ne yaƙi da Italiya a gabashin Afirka, inda birged ɗin Nijeriya mai ɗauke da bataliya ta 1 da ta 2 da ta 3 ya shiga Magadishu a watan Fabrairu 1941, ya kuma isa Harar ta ƙasar Habasha kafin watan Maris ya ƙare. Na biyu, wanda ya fi zama a zukatan mutane, shi ne yaƙi da Japan a ƙasar Burma, wadda tsofaffinmu ke kira Bama. A 1943 aka kafa manyan rundunoni biyu, ta 81 da ta 82. Alamar ta 81 baƙin gizo-gizo ce, kuma duk da cewa daga tatsuniyoyin mutanen Gwalkwas aka ɗauko ta, babu Bahaushen da zai ga Gizo a kafaɗar riga ya nemi a yi masa bayani. Alamar ta 82 kuwa masu biyu ne a gicciye bisa gammo. Wannan gammo ba ado ba ne. Dubban mutanen da aka ɗauka ba bindiga suka riƙe ba, dako suka yi. Su suka ɗauki harsashi da abinci da sassan igwa a kansu cikin duwatsun da mota ba ta iya hawa. Kimanin 'yan Afirka ta Yamma 90,000 ne suka je wannan yaƙi, fiye da rabinsu 'yan Nijeriya.

Mun kawo wannan bayani ne domin lambar bataliya ita ce mabuɗin dukkan binciken. In aka ce tsoho yana bataliya ta 4, to tare da runduna ta 81 ya shiga kwarin kogin Kaladan a farkon 1944. In ta 6 ce ko ta 7 ko ta 12, to yana cikin birged na 3, wanda aka ware aka haɗa da mayaƙan Janar Wingate da ake kira Chindit, aka kai su bayan sansanin Japanawa ta jirgin sama a 1944. In kuwa ta 1 ce ko ta 2 ko ta 3, ko ta 5 da ta 9 da ta 10, to runduna ta 82 ce, wadda ta yi yaƙin Arakan, kuma ita da ta 81 suka haɗu suka ci garin Myohaung a watan Janairu 1945. Sunayen waɗannan wurare ba baƙi ba ne a kunnenmu, sai dai ba mu cika sanin asalinsu ba. Barikin Dodan da na Myohaung da na Arakan a Ikko, da na Dalet da Kalapanzin a Kaduna, da na Letmauk a Badun, da na Chindit a Zariya, duk daga can aka kwaso sunayensu.

Matsalar suna

Babban abin da ke karya gwiwar mai bincike tun daga farko shi ne suna. Turawan da ke ɗaukar soja ba su damu da sunan mahaifi ko na zuriya ba. Abin da aka saba shi ne a rubuta sunan mutum, sa'an nan a liƙa masa sunan babban garin da ya fito ko na ƙabilarsa. Haka kuma da yawa daga cikin waɗanda ba Hausawa ba sukan karɓi sunan Hausa a ƙofar bariki, wani da son ransa, wani kuwa don magatakarda ya kasa rubuta nasa na yanka. Ta haka Ba'alage daga Assakio, wanda a gida kowa ya san shi da sunansa na Alago, zai iya zama, alal misali, Audu Lafia a littafin soja, ya yi shekara biyar yana amsa wannan suna, ya dawo gida ya ajiye shi tare da takalminsa. Jikan da ya tafi neman kakansa da sunan gida zai gama duba kundi bai gan shi ba, alhali yana nan a shafin da ya wuce.

Daɗin daɗawa, sunayen ƙabilu da na garuruwa ma ba yadda muke kiransu yau aka rubuta su ba. Alago a takardun Turawa Arago ne, Eggon sukan fito a matsayin Mada, Migili kuwa Koro, Tibi kuma an kira su Munshi, sunan da su kansu ba sa so. Garin Assakio shi kansa sau da yawa Assaikio aka rubuta shi. Sa'an nan ga sauye-sauyen mulki. Ƙasar Lafiya tana cikin Lardin Nasarawa har zuwa 1926, lokacin da aka rushe shi aka mai da ita Lardin Binuwai mai hedikwata a Makurɗi. A 1967 ta faɗa Jihar Binuwai da Filato, a 1976 Jihar Filato, sai a 1996 aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa. Wanda ya je neman fayil ɗin shekarun yaƙi ƙarƙashin sunan Nasarawa ko Filato ya ɓata sawunsa a banza, domin a wancan zamani Razdan ɗin Makurɗi ne Di'on Lafiya ke aika wa rahoto.

Abu guda da ba ya canzawa shi ne lambar soja. Ta 'yan Nijeriya takan fara da haruffan NA, lambobi su biyo baya. Suna na iya zama na aro, garin da aka rubuta na iya zama na kusa, amma lamba ta mutum ɗaya ce tak.

Adakar tsohuwa

Don haka kafin a sayi tikitin mota zuwa ko'ina, a fara da ɗakin tsohuwa. Kowane soja da aka sallama an ba shi takardar sallama mai ɗauke da lambarsa da muƙaminsa da rukuninsa da ranar shiga da ta fita, har da shaidar hali. Tsofaffi sun riƙe wannan takarda kamar laya, domin da ita ake neman aikin gadi ko masinja ko ɗan doka a En'e, kuma da ita ake shiga ƙungiyar 'yan mazan jiya. Inda ta tsira, rabin aiki ya ƙare.

Lambobin yabo na ƙirji su ma suna magana, sai dai ba sa faɗin suna. Ingila ba ta zana sunan kowa a bayan lambobin halartar wannan yaƙi ba, saɓanin yadda ta yi a yaƙin 1914 zuwa 1918. Amma tauraruwar Burma, mai ƙyalle ja a tsakiya da shuɗi da ruwan lemo a gefe, shaida ce cewa mai ita ya taka wancan fage. Tauraruwar Afirka kuwa, mai ƙyalle ruwan ƙasa da jan layi a tsakiya, a hannun sojan bataliyoyin farko takan nuna ya yi yaƙin Habasha. Wanda ya bar duka biyun, to tsohon hannu ne da ya ga fage biyu. Ko tsohon hoto kada a raina shi, domin gizo-gizo ko gammo a kafaɗa ya isa ya raba gardama.

A nan ne abin baƙin cikin Assakio yake. Gara da yoyon ɗaki sun ci nasu rabon a ko'ina, amma rikice-rikicen da suka auka wa garin a 2012 da 2013 sun ƙone gidaje masu yawa, kuma wuta ba ta tambayar ko adaka ta wace ƙabila ce. Iyalan da suka gudu da abin da ke jikinsu kawai ba su tsaya neman takardar 1946 ba. Abin lura shi ne, kakannin waɗanda suka yi wannan rikici da juna, mai yiwuwa wasunsu a jirgin ruwa ɗaya suka tafi, ƙarƙashin laƙabi ɗaya na Lafia. Ga irin waɗannan iyalai babu sauran madogara sai rumbunan ajiyar takardu na hukuma.

Kaduna

Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa, wadda Kenneth Dike ya assasa a Badun a 1954, tana da reshe a Kaduna, kuma can aka tattara takardun lardunan Arewa. Ya kamata mai zuwa can ya san abin da zai tarar tun daga gida. Ba fayil-fayil na ɗaiɗaikun sojoji aka ajiye a wurin ba, takardun mulki ne. Waɗanda suka shafe mu su ne na sakatariyar Lardunan Arewa, masu alamar SNP, da na ofishin lardi na Makurɗi, masu alamar MAKPROF, da kuma na ofishin Di'on Lafiya. A cikin irin waɗannan ne ake samun wasiƙun da suka shafi ɗaukar soja da tara kuɗin taimakon yaƙi da kuɗin da ake biyan iyalan sojoji ta baitulmalin En'e, da kuma shirin sake tsugunar da su bayan sallama. Rahoton shekara-shekara na lardi shi ma yakan taɓo waɗannan al'amura. Sunan mutum yakan ɓullo ne galibi idan wata matsala ta taso, kamar ya gudu daga bariki, ko ya kai ƙarar rashin biyan haƙƙinsa, ko ya rasu ana neman magadansa. Sojan da ya yi aikinsa lafiya ya dawo lafiya, shi ne wanda takarda ta fi mantawa da shi.

Akwai wani tarko da ya kamata a kiyaye. Ba duk wanda aka ce "an tafi da shi lokacin yaƙin Hitila" ne ya sa kaki ba. Bayan da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuza, sai gwamnati ta ƙaƙaba aikin tilas a ma'adinan Jos daga 1942 zuwa 1944. Wannan shi ne abin da aka sani da ɗiban gwamna. An kwashi dubban mutane daga larduna, har da na Binuwai, kuma sanyin tsauni da yunwa da cuta sun kashe da dama. Ta hannun hakimai da dagatai aka bi wajen ɗiban nan, kamar yadda aka bi ta hannunsu wajen cika adadin kurata, shi ya sa labaran biyu suka cakuɗe a bakin jikoki. Mun ga ya dace a faɗi wannan ƙarara, domin wanda ya gano cewa kakansa Bukuru aka kai shi ba Burma ba, bai kamata ya ji an rage masa daraja ba. Yaƙin ɗaya ne ya ci su.

Daga nan sai Gidan Arewa, wato tsohon gidan Sardauna da aka mayar cibiyar binciken tarihi a 1970, wadda yanzu ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, da kuma ɗakunan karatu na Zariya, domin neman tsofaffin kofe na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. An fara buga ta a watan Janairu 1939, Abubakar Imam yana edita, kuma ita ce ta kai wa Arewa labarin yaƙin cikin Hausa, har da wasiƙun da sojoji ke aikowa daga ƙetare. Ko ba a ga sunan tsoho ba, za a ji muryar sa'o'insa. Bayanan hidimar ɗaiɗaikun sojoji kuwa, hukumar soja ce ta gaje su bayan mulkin kai, kuma ofishin da ke riƙe da bayanan sojan ƙasa yana Lakwaja. Can ne kuma waɗanda iyayensu suka yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 za su dosa, wanda shi ma ya ɗebi samarin wannan yanki masu ɗimbin yawa. Babban barikin garin yana ɗauke da sunan Samanja Chari Maigumeri, mutumin Barno da ya fara aikin soja a hannun Jamusawa a Kamaru, sa'an nan ya yi wa Ingila yaƙi a Habasha da Burma.

Landan

Labarin abin da ya faru a fagen daga kuwa Turawa sun tafi da shi. A Ma'ajiyar Takardu ta Ƙasar Ingila da ke unguwar Kew a Landan, akwai littafin da kowace bataliya ke rubuta abin da ya auku kullum. Na fagen Burma suna cikin rukunin WO 172, na zaman Afirka ta Yamma kuwa suna cikin WO 173. Wanda ya san bataliyar mahaifinsa zai iya bin ta rana-rana, ya san ƙauyen da ta kwana da kogin da ta ƙetare da ranar da aka yi mata kwanton ɓauna. Amma a nan ne zuciya kan sosu. Hafsa Bature in ya ji rauni akan rubuta sunansa da muƙaminsa, baƙaƙen sojoji kuwa galibi sai a rubuta adadinsu, a bi shi da haruffa uku, AOR, ma'ana 'yan Afirka waɗanda ba hafsoshi ba. Mutum uku sun mutu, biyar sun jikkata, shi ke nan. Inda ake samun sunan Baƙar Fata cikakke da lambarsa da bayanin abin da ya aikata shi ne rukunin WO 373, wanda ya ƙunshi takardun neman a ba soja lambar jarunta, kuma ana iya laluben sunayen da ke ciki ta intanet ba sai an je ba.

Wannan bambanci bai tsaya a kan tawada ba. A 2019 aka bayyana wata takardar gwamnatin Ingila da ta nuna cewa kuɗin sallamar farabiti Bature sule goma ne a kan kowane watan da ya yi yana aiki, shi kuwa baƙin farabiti a rundunonin gabashin Afirka sule uku da sisi. Ƙorafin da muka riƙa ji a bakin tsofaffinmu cewa an yi musu alkawari ba a cika ba, ashe ba rigimar tsufa ba ce. Sa'adu Zungur ya tarbe su da waƙarsa ta Maraba da Soja, Sarkin Katsina Usman Nagogo ya je har Indiya da Burma ya gaishe su, amma da aka sauke su daga jirgi yawancinsu fartanya suka koma wa.

Duk da haka kada a ɗauka cewa takarda ba ta taɓa farfaɗo da mutum. Isaac Fadoyebo, wani ma'aikacin jinya na soja daga kusa da Owo, an harbe shi a bakin kogin Kaladan a watan Maris 1944, wasu Musulmin ƙauye suka ɓoye shi tare da wani abokinsa ɗan Saliyo har kimanin wata tara. Ya rubuta labarinsa, kofe ya kwanta a gidan tarihin yaƙi na Landan, har wani ɗan jarida mai suna Barnaby Phillips ya ci karo da shi, ya nemo tsohon a Ikko, ya kuma je Burma a 2011 ya gano zuriyar waɗanda suka cece shi. Fadoyebo ya rasu a 2012. Shi ya yi makaranta ya rubuta da hannunsa, abin da kaɗan ne daga kuratan ƙasar Lafiya suka sami damar yi.

Waɗanda ba su dawo ba

Ga iyalan da aka ce musu "ya tafi yaƙi bai dawo ba", wurin dubawa shi ne kundin hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi na ƙasashen Kwamanwel, wanda ake shiga kyauta ta intanet. A maƙabartar Taukkyan, arewa da birnin Yangon, akwai kaburbura fiye da 6,000 na wannan yaƙi, akwai kuma wasu ginshiƙai da aka zana wa sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san inda aka binne su ba, cikinsu har da 'yan Nijeriya. Hukumar da kanta ta fitar da rahoto a 2021 inda ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Farko, mafi yawansu 'yan Afirka da Masar, ba a rubuta sunayensu ko'ina ba, har Ministan Tsaron Ingila ya nemi gafara a majalisa. Wanda kakansa ya faɗi a Kamaru ko gabashin Afirka a wancan yaƙi na farko yana iya zama cikin waɗannan. Na yaƙi na biyu sun fi samun shiga kundi.

Dabarar dubawa ita ce kada a fara da sunan gida. A rubuta Lafia a gurbin sunan mahaifi, a zaɓi rundunar Nijeriya, a ga abin da zai fito, sa'an nan a gwada Arago da Mada da Koro, a kuma gwada sunan farko ta rubutu daban-daban, domin Mamman na iya zama Momo ko Mama, Abdu ya zama Audu ko Abudu. In an sami wanda ya yi kama, sai a kwafi lamba da bataliya da ranar rasuwa, a koma ga littafin bataliyar a ga inda take a wannan rana. Kafin duk wannan, a nemi tsofaffin matan gidan da suka rage, ƙannen marigayin ko matan 'yan'uwansa, a tambaye su sunan da abokansa na bariki suka kira shi da shi ranar da suka zo yi wa iyayensa ta'aziyya.